Kada gaggawarmu ta ƙarasa wanda babur ya kayar

'Yan uwana matasa, ku da kuke kan babur safe da yamma, da ku masu zaman majalisa a bakin titi, duk sanda aka yi hatsari ku ne kuke fara isa wurin. Ba ku da ƙyashin taimako, Allah ya saka da alheri. Amma ku saurare ni, domin akwai ɓarna a cikin irin taimakon da muka saba.

Da mutum ya faɗi, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a ciccibe shi kansa yana reto, a matse shi tsakanin mutum biyu a kan wani babur, ko a dunƙule shi a cikin A Daidaita Sahu. A cikin ƙashin wuya da na baya akwai laka, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. Ƙashin yana iya tsagewa wajen faɗuwa alhali lakar tana nan lafiya. Ɗagawar garaje ce ke sa ƙashin ya goce ya datse ta, kuma laka idan ta katse ba ta haɗuwa. Saurayin da zai yi jinya ya koma sana'arsa sai ya ƙare a shimfiɗe, ana juya shi.

Don haka kafin ka taɓa shi, ka sa a tsayar da motoci, a kashe babur, kada wanda ya kunna sigari kusa da fetur. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112. 'Yan uwa na Nijar su kira 18. Kai kuma ka durƙusa ta wajen kansa, ka riƙe kan da hannu biyu yadda ka same shi, kana yi masa magana. Idan da hular kwano a kansa ka bar ta, sai in ba ya numfashi ko amai zai shaƙe shi. In dole ce ta sa za a ɗauke shi, saboda wuta ko don ba motar da za ta zo, a samo faffaɗan katako ko benci, mutum huɗu su ɗaga tare, kai da wuya da gadon baya a miƙe.

Jini kuwa danne shi ake yi. Ka samu tsumma mai tsafta, ko rigarka ce, ka danne ciwon da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai. Don Allah a daina zuba ƙasa, toka, baƙin mai ko man birki a ciwo, wannan datti ne muke tura wa cikin jikin mutum. Ƙunar salansa ruwa mai sanyi take so, a yi ta zubawa kamar minti 20, ban da man goge baki.

Kada a ba shi ruwa ya sha, ko da yana roƙo. Na san abin da wuya, tausayi ke sa mu miƙa leda. Amma wanda hankalinsa bai dawo daidai ba yana iya shaƙewa, kuma in tiyata ta kama, abin da ke cikinsa yana iya komawa huhu. Karaya ma ba a janta a bakin titi, balle wadda ƙashi ya fasa fata. Wannan ta asibiti ce, ba ta mai ɗori ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai miƙewa ya karkaɗe riga ya ce, "Ba komai, lafiyata lau." In kansa ya bugu, jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, bayan wasu awanni sai ciwon kai mai tsanani, amai, barci mai nauyi, sai dai a ji salati. Kada ku bar shi ya hau babur ya tafi gida, ku raka shi asibiti ko yana gardama.

Masu tsoron a riƙe su a asibiti ko a ƙi karɓar mara lafiya, ku sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya a Najeriya ƙin ba da kulawar gaggawa. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto kuma, ku ji tsoron Allah, mahaifiyarsa ba ta cancanci ta fara ganin ɗanta cikin jini a WhatsApp ba. Ƙungiyar Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini suna koyar da taimakon gaggawa, ku matsa wa shugabannin tasharku su gayyato su.