Man kanumfari ya kare hantar ɓera, ta mutum fa?

Kusan kullum sai a ji an ce wani tataccen man tsiro yana kare hanta daga guba, yau na kanumfari, gobe na habbatussauda. Ba ƙarya ake yi ba. Ni dai tambayata ita ce: hantar wa aka kare?

Galibin gwaje-gwajen nan a kan ɓeraye ake yin su. A raba su gida biyu, a yi kwanaki ana ɗura wa rukuni ɗaya man, sannan a ba su duka parasitamol fiye da kima ko wani sinadari mai lalata hanta. Daga baya a ɗebi jini a auna sinadaran ALT da AST, waɗanda ke kwarara cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun fashe. Sau da yawa na waɗanda suka sha man ba ya hawa sosai. Akwai dalili kuwa: hanta tana da wata garkuwa, gulutatayon, mai kama guba ta fitar da ita, sinadarai irin su timokwinon na habbatussauda kuma suna taimakawa kada garkuwar ta ƙare.

Inda nake da ja shi ne, ɓeran nan ya sha maganinsa tun kafin guba ta zo, an kuma auna masa daidai nauyinsa. Mutum kuwa sai idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, sannan ya jawo kwalbar da bai san ƙarfin abin da ke cikinta ba.

Kuma wannan mai ba shayi ba ne. Tulin ganye ko 'ya'ya ake turarawa kafin a cika 'yar mitsitsiyar kwalba. Likitoci sun ga ƙananan yaran da suka sha cokalin shayi ɗaya ko biyu na man kanumfari, hantarsu ta gaza. Abin mamaki, yujinol, babban sinadarin man kanumfari da ake yabo, shi ne ke cinye gulutatayon idan ya yi yawa, kamar dai parasitamol, har maganin da ake ba su a asibiti ɗaya ne. Wani sinadari mai suna safrol ma daga tsiro yake, amma tun 1960 Amurka ta hana sa shi a abinci saboda ya jawo wa ɓeraye kansar hanta.

A ci gaba da bincike, har a gwada a kan mutane. Kafin nan, wanda ya sha parasitamol ya wuce ƙa'ida a garzaya da shi asibiti, domin maganin karya gubarsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko.