Ba Canza Tarihi Ne Ke Damuna A Littattafan Nan Ba

Akwai wani nau'in labaran matasa da Turawa ke rubutawa, inda marubuci zai ɗauki zamanin injin tururi, ya cika shi da na'urorin da ba a taɓa ƙerawa ba, sannan ya karkatar da tarihi ya bi wata hanyar. Wasu iyaye da malamai na ƙyamar irinsu, wai ana cusa wa yara ƙarya da sunan tarihi. Ni ban yarda da wannan ƙorafin ba, jama'a. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ku ɗauki littafin Leviathan na Scott Westerfeld, wanda ya fito a 2009. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, a shekarar 1914, amma Jamus da Ostiriya suna faɗa da manyan injuna masu tafiya da ƙafafu, Birtaniya kuma da dabbobin da masana suka sarrafa halittarsu. Jirgin yaƙinta wani ƙaton kifi ne mai rai da ke shawagi a sama. A cikinsa akwai ƙadangarun da ke haddace saƙo su kai, da jemagun da ake ciyar da su ɓaure cike da ƙusoshi, su je su zubo wa abokan gaba. Wane yaro ne zai karanta wannan ya ɗauka gaskiya ce? Abin da zai faru shi ne ya tashi da tambaya: shin da gaske an kashe Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya da matarsa a Sarayebo? Sai ya tarar an kashe su ran 28 ga Yunin 1914, kuma cikin 'yan makonni ƙawancen da ƙasashe suka ƙulla ya ja kusan duk Turai cikin wuta. Marubucin ma ya ware shafuka a ƙarshe yana bambance abin da ya faru da wanda ya ƙirƙira. Wannan ai adalci ne.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda irin waɗannan labarai ke wanke yaƙi tas, su shafa masa mai. Jaruman 'yan shekara 15 ne, suna lilo da igiya a jikin jirgi, suna keta ƙanƙarar duwatsun Suwizalan, suna yawo a lungunan Istanbul. Kana karantawa kana jin ina ma kai ne. To amma matasan gaske na wancan yaƙin fa? A ramuka suka zauna, cikin taɓo da ɓeraye da ƙwarƙwata. Ran 1 ga Yulin 1916 kaɗai, a bakin kogin Somme da ke Faransa, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. An yi ƙiyasin yara kusan 250,000 ne suka shiga sojan Birtaniya ba su kai shekarun da doka ta yanka ba. Ƙara shekaru suka yi, masu ɗaukar soja suka kau da kai. Kuma injin da muke sha'awarsa a littafi, shi ne ya zo da bindiga mai sarrafa kanta da iskar guba da aka sako a garin Ypres na Beljiyam a 1915. Wallahi wannan na taɓa min zuciya, don wanda aka rubuta wa littafin sa'an waɗancan yaran ne.

Kada kuma mu ce yaƙin Turawa ne can nesa. Hausawa sun yi shi a Kamaru, a Garwa da kan dutsen Mora, inda sojojin Jamus ba su miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. Wasu kakanninmu da bindiga suka je, wasu da kaya a ka.

Saboda haka ni zan ba ƙanena littafin, har da Behemoth da Goliath da suka biyo bayansa. Amma idan ya gama, zan zaunar da shi in nuna masa hotunan ramukan Somme, in tambaye shi a cikin waɗancan fuskokin wanne ne ya girme shi.