Na'urar MRI tana duba ƙashi ne, ba ta duba gaskiya: magana kan rage shekaru a ƙwallon matasa

A harkar ƙwallon ƙafa, kowa ya san ɗan wasa yana iya mallakar shekaru iri biyu: na haihuwa da kuma "shekarun ƙwallo". Koci ya sani, dillali ya sani, iyaye sun sani, mai buga hatimi a fasfo ma sau da yawa ya sani. Abin da ya fi damuna shi ne, tun da aka kawo gwajin MRI, wato hoton ƙashin hannu da ake ɗauka don kimanta shekarun ɗan wasa, an daina tambayar yaro "shekarunka nawa?", an koma tambayar "hannunka zai wuce?". Waɗannan tambayoyi biyu ba ɗaya ba ne, kuma a tsakaninsu ake cutar da yaran da ba su yi wa kowa ƙarya ba.

Matsalar ta girmi na'urar da nisa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, ta kuma ƙwace damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka kai gasar Olamfik ta 1988, wato Samson Siasia da Andrew Uwe da Dahiru Sadi, sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. Kada kuma wani ya ɗauka ciwon Afirka ne kaɗai. Meziko ta sa 'yan wasan da suka haura shekaru a gasar 'yan ƙasa da 20 a 1988, hukuncin da aka yanke mata har ya hana babbar ƙungiyarta zuwa Kofin Duniya na 1990 a Italiya.

A gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka yi a Najeriya, FIFA ta fara aiki da gwajin MRI. Ya kamata duk mai magana kan wannan batu ya san abin da na'urar take dubawa, domin a nan ne ake yawan yin kuskure. Ana ɗaukar hoton wuyan hannun hagu. A ƙarshen ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa akwai wani siririn layi na guringuntsi, daga nan ƙashin yaro yake ƙara tsawo. Yayin da yaro yake balaga, layin yana ƙanƙancewa yana zama ƙashi har ya rufe gaba ɗaya. Likitoci sun kasa wannan rufewar mataki shida. Mataki na 1, layin a buɗe yake sarai. Daga na 2 zuwa na 5, ya fara haɗewa, kaɗan-kaɗan har saura ƙiris. Mataki na 6, ya haɗe ba sauran alama. Wanda ya kai mataki na 6 shi ake cirewa. An zaɓi MRI maimakon hoton ƙashi na yau da kullum ne saboda ba ta da hasken da ke iya yi wa jiki illa, kuma bai dace a riƙa haska lafiyayyun yara da irin wannan haske don wasa kawai ba.

Ma'aunin ya samo asali ne daga binciken da likitocin FIFA ƙarƙashin Jiri Dvorak suka wallafa a 2007. Sun duba samari 496 'yan shekara 14 zuwa 19 daga Suwizalan da Malesiya da Aljeriya da Ajantina, suka ga cewa a cikin waɗanda ba su cika 17 ba, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ƙashinsu ya haɗe gaba ɗaya. Daga nan aka samo maganar da ake yawan maimaitawa cewa gwajin yana da tabbas kashi 99 cikin 100.

To amma a karanta wannan adadi da kyau. Abin da yake faɗa shi ne: idan ƙashi ya rufe, da wuya mai shi ya kasance ƙasa da 17. Bai ce idan ƙashi bai rufe ba, mai shi yaro ne ba. A cikin wannan binciken kansa, ko a 'yan shekara 19, waɗanda ƙashinsu ya haɗe gaba ɗaya ba su kai rabi ba. Ke nan saurayi ɗan 18 ko 19 da ke mataki na 4 ko na 5 zai wuce gwaji lafiya lau, ya sa riga ya shiga fili da 'yan 15. Masu harkar sun gane wannan tun da wuri. Shi ya sa wasu suke kai yara a yi musu hoton a ɓoye kafin a shiga sansani, wanda ya wuce a yi masa takardun da suka dace da hoton. Na'urar da aka kawo don ta kama maguɗi ta koma abin tace waɗanda za a iya yin maguɗin da su. Ɗan 25 ya daina shiga, wannan ci gaba ne kuma ban raina shi ba, amma ɗan 19 yana nan daram.

Ga ɗaya gefen kuma, wanda ba a cika magana a kai ba. Akwai yaron da ya yi saurin balaga, shekarunsa 16 na gaskiya, an haife shi a asibiti, takardunsa cikakku, amma ƙashinsa ya rufe. Irinsu ba su da yawa, amma idan ana gwada ɗaruruwan yara kowace shekara a nahiya guda, dole a samu. Wannan yaro za a kore shi daga sansani, sunansa ya shiga jarida cikin "waɗanda suka faɗi gwajin shekaru", unguwa ta ɗauke shi maƙaryaci, dillalai su guje shi. A lura kuma, a ƙasashe huɗun da aka yi binciken babu ko ɗaya daga Afirka ta kudu da Sahara, alhali abinci da gado da yanayin rayuwa suna taɓa lokacin balaga. Ga 'yan mata kuwa gwajin ba ya aiki yadda ake so, domin ƙashinsu yana rufewa da wuri fiye da na maza, yarinya 'yar 15 ko 16 tana iya kaiwa mataki na 6 ba tare da ta rage ko wata ɗaya ba. Saboda haka ra'ayina shi ne, faɗuwa gwajin MRI dalili ne na a buɗe bincike, bai kai hujjar a kira yaro mai ha'inci a bainar jama'a ba.

Duk da haka, idan adadin ya yi yawa, ba sauran batun saurin balaga. A 2016, 'yan wasan Golden Eaglets, ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, su 26 ne suka faɗi gwajin dab da wasan share fage da Nijar. Ƙungiyar da ta ci Kofin Duniya a 2013 da 2015 ta yi nasara da ci 1-0 a Abuja, aka doke ta 3-1 a Yamai, ta fita. Nijar ta wuce gasar Afirka a Gabon, daga nan ta je Kofin Duniya a Indiya a 2017. A tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023 Kamaru ta gwada yara 30, 21 suka faɗi, aka kawo wasu, 11 suka sake faɗuwa. A 2023 ɗin ne aka kori Sudan ta Kudu daga gasar Afirka a Aljeriya. Gini kuwa ta kai wasan ƙarshe a gasar Afirka ta 2019, daga baya aka soke sakamakonta kan takardun 'yan wasa biyu, Senegal ta karɓi gurbinta zuwa Brazil. Wanda ya tara yara 30 aka samu 21 sun haura, ba kuskure ya yi ba, abin da ya je nema ke nan.

Yanzu bari mu saurari masu kare rage shekaru, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa yaron Turai yana shiga makarantar ƙwallo tun yana ɗan 8, da koci mai shaida da abinci da likita. Yaronmu yana buga ƙwallo a filin unguwa ba takalmi, ba wanda zai gan shi sai ya kai 19 ko 20. A lokacin nan kasuwa ta rufe masa ƙofa, domin ƙungiyoyin Turai ɗan 18 suke nema da za su raina su sayar, ɗan 22 da bai taɓa buga babbar gasa ba ba ya da farashi. Dokar FIFA ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe, don haka shekarun da ake so su bayyana a fasfo sanannu ne: 16 ko 17 a lokacin gasa, 18 a lokacin sa hannu. Suka ce, idan cire shekara uku zai fitar da gida guda daga talauci, wa aka cuta?

An cuci mutum, kuma yana da suna, ba a dai taɓa jin sunan ba ne. Ƙungiya gurbi ƙidayayye gare ta. Duk ɗan 20 da ya shiga, akwai ɗan 16 na gaskiya da aka mayar gida, shi ma talaka ne, shi ma uwarsa tana jira. Bai kai wancan ƙarfi ba, bai kai shi gudu ba, don jikinsa bai gama ginuwa ba, sai koci ya ce "bai nuna ba tukuna". Darasin da yake komawa gida da shi kuwa shi ne ya jira shekara uku ya dawo da sabuwar takarda. Haka abin yake haihuwar kansa. Ban da wannan akwai batun rauni: karon ƙato da yaron da ƙasusuwansa ba su gama haɗewa ba ba wasa ba ne.

Akwai wata asara da masu ƙananan ƙungiyoyi ya kamata su sani. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Rabon yana bin tarihin rajistarsa ne, shekara bayan shekara. Idan aka sauya masa ranar haihuwa, wani lokaci har da suna, tarihin ya yanke. Ƙungiyar unguwar da ta saya masa takalmi na farko ba za ta iya nuna cewa yaronta ne ba, tunda a takarda, lokacin da yake wurinta bai ma kai 12 ba, ko kuma wani mutum ne daban. Kocin da ya taimaka aka yi takardar bogi sau da yawa shi ya yanke wa kansa rabo.

Wani ɓangare mai wuya shi ne yaron da da gaske bai san ranar haihuwarsa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 da aka yi wa rajistar haihuwa ba su kai rabi ba, kuma a ƙauyuka abin ya fi muni. An haife shi a gida, abin da uwa ta riƙe shi ne da damina ne, ko ana saura kwana kaɗan babbar salla. Takardarsa ta farko ita ce rantsuwar kotu, wadda ake rubuta abin da mai rantsuwa ya faɗa. Wannan yaro ban kira shi maƙaryaci ba. Amma babban da ya raka shi, ya san tsaransa sun gama sakandare shekara biyu da suka wuce, ya kuma zaɓi ya rubuta 15, shi ya san abin da ya yi.

Sai batun kishin ƙasa. A lokacin gasar 2009, tsohon ɗan wasan Najeriya Adokiye Amiesimaka ya fito fili ya yi zargin cewa kyaftin ɗin Eaglets ya haura shekarun gasar. Ba zan yanke hukunci kan zargin ba. Abin lura shi ne yadda aka karɓe shi: da yawa ba su tambayi ko gaskiya ya faɗa ba, cewa suka yi me ya sa zai tona asirin gida ana tsakiyar gasa. Najeriya ta sha kashi 1-0 a wasan ƙarshe a Abuja a hannun Suwizalan, ƙungiyar da ta fito da Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez da Haris Seferovic, waɗanda suka riƙe babbar ƙungiyar ƙasarsu shekara da shekaru. Amfanin gasar matasa ke nan. Mu muna da kofin 'yan 17 har biyar, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, ba ƙasar da ta kai mu, amma babbar ƙungiyarmu ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a Kofin Duniya ba. Dalilan suna da yawa, kuma zalunci ne a shafa wa kowa baƙin fenti, gasar nan ce ta fito da Nwankwo Kanu da Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen. Sai dai duk mai gaskiya ya san rage shekaru yana cikin lissafin.

Abin da nake ganin ya dace bai da tsada kamar yadda ake zato. A fara rajistar yaro a ƙungiya tun yana 10 zuwa 12, lokacin da ba wanda yake da ribar yi masa ƙarya, a ɗauki hotonsa da lambar NIN, a kulle ranar haihuwar yadda ba mai iya taɓa ta. A lokacin tantancewa kada a tsaya kan fasfo, domin fasfo abin da aka kai masa yake maimaitawa. A nemi takardu masu tsufa daga wurare daban-daban: katin rigakafi, rajistar shiga aji ɗaya na firamare, takardar jarrabawar ƙaramar sakandare. Sabuwar takarda guda tana da sauƙin samu, amma tsofaffi uku daga ofisoshi uku da wuya su yi ƙarya iri ɗaya. Hoton MRI likitoci biyu su karanta shi kowa daban, in sun saɓa na uku ya raba, a kuma ɓoye sunan yaro har a gama bincike, a ba shi damar ɗaukaka ƙara idan yana da shaidar haihuwa ta asibiti.

Hukunci kuma ya hau kan wanda ya sa hannu. A yanzu yaro ake kora, ko a kori ƙungiya baki ɗaya har da waɗanda ba su da laifi, kamar yadda aka yi wa ƙasashe huɗu a gasar kudancin Afirka ta 2020, amma kocin da ya zaɓo su da jami'in da ya tura sunayen da dillalin da ya biya kuɗin takarda suna nan kan kujerunsu. A ƙwace lasisin koci da na dillali, a dakatar da jami'i, batun takardar bogi kuma a miƙa shi ga 'yan sanda tunda laifi ne a dokar ƙasa. Sannan hukumar ƙwallo ta daina auna kocin matasa da kofi, ta auna shi da yawan yaransa da suka kai babbar ƙungiya bayan shekara biyar ko shida. Tun daga 2025 Kofin Duniya na 'yan 17 ya koma duk shekara a Katar, da ƙasashe 48, wanda ke nufin za a riƙa haɗa sabuwar ƙungiya ana tantance sabbin yara kowace shekara, ba bayan shekara biyu ba.