An gina fanfo, wa ke duba randa?

Duk ɗan siyasar da ya shiga ƙauye a ƙasar Daura, rijiyar burtsatse yake fara alkawartawa. Ba laifi, mutanen da tarihinsu ya faro daga bakin Kusugu ba sai an koya musu darajar ruwa ba. Sai dai a ganina mun zuba wa fanfo ido, mun manta da randa.

Ruwan tuƙa-tuƙa garau yake fitowa. Bi shi gida ka sha kallo. Jarkar da aka ɗebo shi rabonta da wanki tun ranar da aka sayo ta. Randa ba murfi. Moɗa ɗaya ce ta kowa: yaro ya dawo daga bayan gida, ya zurma hannu ya kamfata, ya sha, ya yar da ita ƙasa, kaji su bi ta kai. Damina na sauka amai da gudawa ya shigo, sai ka ji ana cewa iska ce. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, kuma Katsina ba ta tsira ba.

Iyayenmu mata sun yarda da alif ƙwarai. Gaskiya ne yana kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma ba ya gamawa da ƙwayar cuta. Wannan aikin tafasawa ne ko sinadarin kulorin. Itace ya yi tsada, na sani. Ko na yara kaɗai a tafasa.

Sai rijiyar tsakar gida da ake haƙa wa salga a gefe, alhali masana na son tazarar mita 30, guga kuma na kwance cikin caɓi.

Masu cewa mutumin ƙauye ba ya canzawa su tuna kurkunu. Da tace ruwa da ƙyalle da hana mai ciwo shiga kududdufi aka yaƙe shi, har a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Maƙwabciyarmu Jigawa kuwa a 2022 ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili.

Da ni ne shugaban ƙaramar hukuma, kafin in sa hannu kan sabuwar burtsatse sai na dawo da duba-gari, in haɗa shi da mai unguwa da mace ɗaya da za ta iya shiga gida ta leƙa randa.