Mai gidan kallo ya hana mu kallon Kagame Cup

Wallahi abin nan ya ƙona min rai. Lokacin hutun Firimiya ne fa, ba wasan da ake bugawa, na je gidan kallon unguwarmu na biya kuɗina na zauna kan benci, na ce Oga dan Allah kamo mana Kagame Cup, gasar zakarun kulob na gabashin Afirka, inda irin su APR ta Ruwanda da Al Hilal ta Sudan ke karawa. Mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba, wai wa zai kalli wannan, ya danna rimot ya sa maimaicin wasan Arsenal wanda kowa ya san sakamakonsa, janareto na ta shan mai a banza!

Haba jama'a. Mu ma fa muna da irinta a nan yamma, kofin WAFU, Ranchers Bees ta Kaduna ta ɗauke shi a 1989, Bendel Insurance sau uku a jere daga 1993, yau ka tambayi yaran da ke benci babu wanda ya taɓa jin labari. Tun 2011 ba a sake buga shi ba. Na tashi na fita, ko canjina ban tsaya karɓa ba.