Minti biyar ɗin da ya kai ni ƙarfe biyu na dare

Masu WordPress, manhajar gina shafin intanet, suna alfahari da cewa cikin minti biyar ake ɗora manhajarsu. Na gaskata su, har na ce wa ƙanwata ta ɗan jira, yanzu zan miƙa mata kwamfutar ta yi aikin makaranta. Lokacin ƙarfe tara na dare ne.

Na buɗe rumbun bayanai na MySQL, na kwafi samfurin fayil ɗin saiti, wato wp-config-sample.php, na raɗa wa kwafin suna wp-config.php, na cike layuka huɗun da ake bukata: sunan rumbu, sunan mai shiga, kalmar sirri, da adireshin sabar, wato kwamfutar da rumbun yake a kanta. Na danna ina murmushi. Sai ga farin shafi fes, da layi ɗaya tal, wai an kasa haɗawa da rumbun bayanai. Ko dalili bai faɗa ba, balle ya ba ni haƙuri.

Da farko na zargi kalmar sirri. Na canza ta sau uku, har na manta wacce ce ta yanzu. Daga nan na gano cPanel, allon da nake sarrafa asusuna a sabar, yana liƙa sunan asusuna a gaban sunan rumbun, ni kuwa guntun na rubuta. Na ce yauwa, an kama ɓarawo! Na gyara. Shafi ko gezau.

Sai na tuna ban ma haɗa mai shigar da rumbun ba. Wato na gina ɗaki, na ɗauki mai gadi, amma ban ba shi mukulli ba. Na ba shi dukkan izini, har da waɗanda ban san amfaninsu ba. Shiru.

Wajen sha biyu na koma kan localhost, kalmar da na rubuta a layin adireshin sabar. Na karanta cewa idan ka rubuta shi, PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, ta wani fayil na cikin sabar yake bi zuwa rumbun, amma 127.0.0.1 ta ƙofa mai lamba 3306 yake shiga. Na gwada wannan, na gwada wancan, na haɗa su biyun don tsabar kame-kame. Ƙarfe ɗaya na rubuta wa kamfanin da ke ajiye mini shafin wasiƙa mai zafi, na ce sabarsu ta mutu kuma ba su da labari.

Ƙanwata da ta gaji da gyangyaɗi ta leƙo ta bayana. Ba ta san MySQL ba ko a mafarki, amma tana da ido.

“Yaya, me ya sa wanda kake ta rubutu a ciki sunansa ya fi na kusa da shi tsawo?”

Na duba. Jikina ya yi sanyi. Ashe tun bayan cikewar farko, duk gyaran da nake yi a cikin samfurin nake zuba shi, wanda manhajar ba ta ko kallo idan na gasken yana nan. Awa biyar na bar jaki ina dukan taiki.

Na kwashe layukan na mayar inda ya dace. Shafin ɗorawa ya buɗe kamar bai taɓa yi mini komai ba. Ta kalli agogo har na gama.

“Minti huɗu, Yaya. Ka ga ba su yi ƙarya ba.”

Da safe kamfanin ya amsa cikin ladabi, wai sabar lafiya lau take, ko har yanzu akwai matsala? Na rubuta musu cewa na shawo kanta da kaina. Ina turawa na ji an yi gyaran murya a bayana.