Gwaggo, ki goge ni daga wayar mutane

Assalamu alaikum warahmatullah. Jiya barci ya ƙaurace mini har aka kira assalatu, shi ya sa na ce bari in rubuto wannan ko Allah zai sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa. Kaina nake fara yi wa faɗan nan, don ni ce mai laifin.

Jiya da la'asar na hau Keke Napep daga Kawo zan sauka Unguwar Sarki. Wani saurayi a gefena ya miƙa wa abokinsa waya suna ta ƙyaƙyata dariya. Wallahi ban yi niyyar leƙe ba, idona ne ya faɗa kan wayar. Fuskar ɗan yayana ce. Baki a wangale, hawaye da majina sun haɗe, an rubuta a ƙasa wai "ni idan albashi ya ƙare ran biyar ga wata". Ba su san shi ba, ba su san ni ba, ba su san cewa matar da ke zaune kusa da su da hijabi ita ce ta ɗauki hoton da hannunta ba. Na sauka tun kafin a kai inda za ni, na tsaya a bakin titi jikina na rawa.

A Babbar Sallar 2022 abin ya faru, yana da shekara huɗu. Yayana ya sayo rago tun saura mako biyu, yaron nan ya shaƙu da shi. Shi ke kai masa dusa, shi ke zuba masa ruwa, har suna ya raɗa masa. Ranar Sallah ana dawowa daga idi aka kayar da ragon. Yaro ya ga jini, ya faɗi ƙasa yana birgima daga shi sai singileti, yana ihu: "Ragona ne! Ku tashe shi!" Mu manya muka kwashe da dariya. Ni kuwa maimakon in sunkuya in ɗauke shi in rarrashe shi, sai na zaro waya. Har ina ce wa uwarsa, "Ke bari, kada ki ɗauke shi tukuna, bari in gama." Wannan kalmar ita ke cin zuciyata yau. Yaro yana kukan rabuwa da abin da yake so, kukan gaske, ni ina gyara tsayuwa don haske ya faɗa masa a fuska.

Gurup ɗin dangi kawai na tura wa, mu ashirin da wani abu. Kafin magariba wata 'yar ɗakinmu ta sa a sitatus. Muna yaudarar kanmu da cewa ai sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. A wayarki yake ɓacewa, baiwar Allah. Wanda ya sauke shi ya ajiye fa? Wani ya yanke bidiyon, ya zubar da farkon da ke nuna dalilin kukan, ya bar daƙiƙa biyar na ihun kawai, ya ɗora a TikTok. Can kuma kun san yadda take: abin da mutane suka kalla har ƙarshe suka sake kalla, shi ake ƙara turawa gaban wasu. Sai aka cire muryar ita kaɗai, ƙattin samari da 'yan mata suna motsa baki a kanta suna kwaikwayon kukansa. Daga nan fuskar ta koma sitika. Sati bai cika ba wata ƙawata da ke aure a Zariya ta turo mini bidiyon da na ɗauka da hannuna, da alamar nan ta WhatsApp mai nuna an yi ta tura abu hannu zuwa hannu, tana cewa in kalla in sha dariya.

Kuma in faɗa muku gaskiya, a lokacin daɗi na ji. Na riƙa cewa "ai ɗanmu ne, ni na ɗauka". Astagfirullah.

Yanzu shekararsa bakwai. A layinsu a Tudun Wada ba mai kiransa da sunan da aka yanka masa rago, sai dai Mai Rago. A Islamiyya idan malam ya ce ya tashi ya biya hadda, sai wani daga baya ya yi kukan tunkiya ƙasa-ƙasa, aji ya fashe. Yaron da da bakinsa ba ya shiru ya koma kamar kurma. Da ya ga an ɗaga waya a gidan suna ko biki sai ya shige bayan ƙofa. Makon jiya na je gidan, ya zo ya zauna kusa da ni ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Gwaggo, wai ke kika sa ni a waya?" Na ce ni ce. Ya ce, "To ki goge ni." Na ce to, zan goge. Ƙarya na yi masa, don ban san ta inda zan fara ba. Magana zarar bunu ce, to wannan ta fi magana, don ita magana ana mantawa.

'Yan uwa, mu tsaya mu tambayi kanmu. Wa ya gaya mana yaro ba shi da mutunci? Da mijinki ne ya zame a bakin rijiya ya faɗi, za ki ɗauka ki watsa? Da mahaifinka ne ya yi kuka ranar da ya yi asara a kasuwa, za ka mai da fuskarsa sitika? Ba za ka yi ba, don kana jin kunyarsa, kuma yana da bakin da zai tsawata maka. Shi yaro ba shi da bakin hanawa, shi ke nan sai ya zama nama. Dukkanmu mun haddace cewa wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi. Shi wannan ɗan shekara huɗun ba musulmi ba ne? Mun san ayar da ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza, muna karanta ta a Suratul Hujurat, amma mu da kanmu muke ƙera wa 'ya'yanmu sunan da za a jefe su da shi.

Ku duba abin da muke ɗorawa. Yarinya ta yi fitsarin kwance, uwa ta ɗauke ta tana tsaye kan jiƙaƙƙiyar katifa, wai don ta ji kunya ta daina. Yaro ya kasa kawo Fatiha daidai, uba ya ɗauka yana dariya. An kama yaro da hannu a tukunyar miya, an sa shi kama kunne, waya na kansa. Mai in'ina, mai tsamin baki da ke cewa "tuwa" maimakon ruwa, yarinyar da ake yi wa kitso tana ihu, jariri tsirara a bahon wanka, yaron da aka yi wa kaciya yana tafiya a tale. Har malamai a makarantu sun shiga, suna ɗaukar 'ya'yan mutane da aka ba su amana suna watsawa ba da sanin iyaye ba. Abin mamaki, mace za ta rufe fuskar jaririnta da hoton fure ranar suna saboda tsoron kambun baka, bayan shekara uku kuma ita ce za ta miƙa shi ga bakin duniya yana kuka da majina.

Na san abin da wasu za su ce: ai wasu ta haka suka samu arziki. Gaskiya ne, an yi. A 2007 wani uba a Ingila ya ɗora bidiyon 'ya'yansa biyu a YouTube, ƙaramin ya ciji yatsan babban, don wani na kusa da su da ke Amurka ya gani. Duniya ta ɗauka, har a 2021 aka sayar da shi sama da dala dubu 760. To amma a cikin dubban yaran da ake dariyarsu kullum, nawa ne suka ga ko sisi? Namu dai ko katin waya ba wanda ya aiko masa. Ku tuna kuma yaron nan na Legas a 2020, da yake roƙon mahaifiyarsa ta kwantar da hankalinta kada ta hukunta shi. Ƙasa gaba ɗaya ta yi dariya, har gwamnan jihar ya ɗauki maganar. Ni ma na yi dariya. Sai yanzu nake ganin cewa tsoro ne a idon yaron nan. A Faransa abin ya kai ga a 2024 sun yi doka da ta ɗora wa iyaye alhakin kare hoton ɗansu. Mu da muke cewa 'ya'ya amana ne za a tambaye mu a kansu, sai mun jira majalisa ta gaya mana?

Ban ce kada a ɗauki yara hoto ba. A ɗauka, a ajiye, su girma su gani su ji daɗi. Kaka tana Katsina tana marmarin ganin jikanta, a tura mata ita kaɗai, a ce Hajiya don Allah kada ya wuce nan. Amma idan yaro yana kuka, ki ajiye wayar ki ɗauke shi. Idan ya yi abin kunya, ki rufa masa asiri kamar yadda kike so a rufa naki. Wata rana zai je neman aure, wata rana zai tsaya gaban mutane, wataƙila ma ya ja su sallah, kuma wani a sahu yana da fuskarsa a waya.

Kai kuma da ba kai ka ɗauka ba, turawa kawai kake yi, kada ka ce ba ruwanka. Da kowa ya bar hoton ya mutu a hannunsa, da bai kai Kawo ba. Ɗan wani ne, yana da uwa, kuma yana jin abin da ake faɗa.

Na nemi gafarar yayana da matarsa, sun ce ba komai, ƙaddara ce. Shi yaron ne ban san yadda zan dubi idonsa ba idan ya sake tambayata ko na goge. Don girman Allah, duk wanda yake da sitikar wani yaro yana kuka da farar singileti, ya taimake ni ya goge ta yau, kafin ya kwanta. Ku goge ta don Allah. Kuma kada wanda ya biyo ni ta akwatin saƙo yana cewa in turo masa ya gani.